Kalmomin Nazarin Adabi: Tambayoyi da Amsoshi Domin Ɗaliban Zangunan Accra

Yaron da ya tashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zongo yakan shiga adabi ta ƙofa uku. A makarantar boko ana koya masa sunayen abubuwa da Turanci. A Islamiyya ya ji tashbihi da ƙafiya da aruli. A gida kuma habaici da karin magana da kirari suna shiga kunnensa tun bai iya ɗaura wando ba, ba tare da kowa ya ce masa adabi ne ba. Da yake Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ware domin koyarwa a makarantu, kamar Ga da Twi da Ewe da Dagbani, ɗalibai da yawa ba su taɓa jin sunayen waɗannan abubuwa da Hausa ba, alhali akwai su, kuma malamai a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe da daidaita su. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi.

Mene ne adabi, kuma kashi nawa ne?

Kalmar daga Larabci take, inda ta ƙunshi ladabi da gogewa da iya magana. A wajen manazarta, adabi shi ne maganar da aka tsara ta da hikima har ta bambanta da zancen yau da kullum, tana nuna rayuwa da tunanin masu ita. Ta fuskar hanyar isar da shi, akwai adabin baka, wanda ake adanawa a ka a miƙa shi da baki, da rubutaccen adabi, ko da ajami ko da boko. Ta fuskar siga kuwa, rassa uku ne: zube, waƙa, wasan kwaikwayo. Kowane reshe yana da na baka da na rubuce. Tatsuniya zube ce ta baka, ƙagaggen labari zube ne na rubuce. Tashen da yara ke yi daga goma ga watan azumi wasan kwaikwayo ne na gargajiya.

Malam, kullum ana cewa in fito da jigo. Yaya ake gane shi?

Jigo shi ne saƙon da aikin ya ginu a kansa, abin da in aka zare shi sauran su zube. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ba da labarin a taƙaice ya ce jigo ke nan. In aka ba ka labarin yarinyar da ta baro arewa ta zo Accra tana dakon kaya a kasuwar Makola, ta sha wuya, ta tara kuɗi ta koma gida ta koyi ɗinki, wannan duka labari ne. Jigon kuwa kalma ɗaya ce ko biyu: haƙuri, ko neman na kai, ko illar talauci, gwargwadon inda marubucin ya fi danna alƙalami.

Ga yadda ake bi. Ka karanta aikin sau biyu, na farko ba tare da biro a hannu ba. A karo na biyu ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ke ta dawowa. A waƙa, ka duba baitocin farko bayan yabon buɗewa, domin a nan mawaƙan Hausa suka saba faɗin nufinsu a fili, irin "zan yi waƙa a kan kaza". Wannan wurin shi ake kira furucin jigo ko ƙwayar jigo. Daga nan sai jigo a gajarce, wato ka taƙaita abin da kowane rukunin baitoci ya faɗa, sannan warwarar jigo, inda za ka buɗe shi dalla-dalla da hujja daga cikin matanin. Babban jigo ɗaya ne. Sauran saƙonnin da suka raka shi ƙananan jigogi ne, kuma kada ka ɗora su a kan babban. Jigogin da suka fi yawa a waƙoƙin Hausa su ne wa'azi, madahu, yabo, marsiyya, siyasa, soyayya, faɗakarwa, ilmantarwa da tarihi. Madahu yabon Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka ba a kiran yabon sarki ko attajiri da wannan suna.

To salo fa? Da zubi da tsari?

Jigo shi ne abin da aka faɗa, salo shi ne yadda aka faɗe shi. Mata biyu za su dafa shinkafa da wake da kayan haɗi iri ɗaya, amma mai saye ya san hannun kowace. Salo ya ƙunshi zaɓen kalmomi, tsawon jimloli, aron kalmomi, karin harshe, da adon harshe. Zubi da tsari kuwa ginin aikin ne: a labari, yadda aka jera abubuwan da suka faru, a waƙa, yawan baitoci da layuka, da mabuɗi da marufi, da amsa-amo, da kari.

Mene ne bambancin ɗango da baiti?

Ɗango layi ɗaya ne. Baiti rukunin ɗangogi ne da suka haɗu suka ba da ma'ana. Ana kiran waƙa da yawan ɗangogin baitinta: ƙwar ɗaya, wadda ake kuma ce wa gwauruwa, ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. In ma'ana ba ta cika a ɗango ba sai da ta zarce cikin na gaba, gangara ke nan. In ta tsallaka daga baiti zuwa wani baitin, sunanta saɓi-zarce.

Ina jin ana cewa amsa-amon ciki da na waje. Ina bambancin?

Amsa-amo shi ne abin da malaman Larabci ke kira ƙafiya, wato gaɓar da ɗangogi ke ƙarewa da ita iri ɗaya. Duba waɗannan baitoci biyu da muka tsara domin misalin amsa-amo kawai, ba domin awon kari ba:

Da asuba Inna ta hura wuta,
Ta dama koko a tukunyarta,
Ba ta yi ƙorafin gajiya ba.

Masu saye sun yi dogon layi,
Wasu da ƙosai, wasu da shayi,
Ba ta sallami kowa da yunwa ba.

A baitin farko ɗangogi biyu sun ƙare da "ta", a na biyu da "yi". Wannan shi ne amsa-amon ciki ko ƙaramin amsa-amo, kuma yana da damar canjawa daga baiti zuwa baiti. "Ba" ta ƙarshen kowane baiti ita ce amsa-amon waje ko babban amsa-amo, ba ta canjawa har waƙar ta ƙare, ko baiti ɗari ne. Wanda ya yi karatun Burda ta Busiri ya san wannan: harafin mimun ne ke rufe baitocinta tun daga farko har ƙarshe. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su ɗauki harafin ƙarshe kaɗai su ce amsa-amon "a" ne. Kalmomin Hausa masu yawan gaske da "a" suke ƙarewa, don haka gaɓa cikakkiya ake ambata, baƙi da wasalinsa: "ba", "ta", "na", "wa".

Karin waƙa ya fi komai ba ni wuya. Akwai hanya mai sauƙi?

Akwai, amma sai ka yarda da kunnenka fiye da idonka. Kari shi ne ma'aunin waƙa, kuma a rubutacciyar waƙar Hausa da nauyin gaɓa ake awo. Gaɓa iri biyu ce. Mara nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ka" ta farkon "karatu", alamarta v. Mai nauyi ita ce baƙi da dogon wasali, ko da tagwan wasali irin "dau", ko wadda ta rufe da baƙi irin "son", alamarta –. Ilmin auna wannan shi ne aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 da karuruwa 15, daga baya aka ƙara ɗaya suka zama 16. Hausawa sun ari da yawa daga ciki, kamar kamil, basiɗ, ɗawil, wafir, rajaz, ramal da mutaƙarab.

Ɗauki wannan baiti:

Ina son karatu, ina son rubutu,
Aboki, ka daure, a ƙarshe da hutu.

Ka rera shi a hankali, ka yanka shi gaɓa-gaɓa: i-na-son, ka-ra-tu, i-na-son, ru-bu-tu. "I" gajera ce, "na" doguwa, "son" rufaffiya, saboda haka v – –. "Karatu" ma v – –. Sau huɗu ke nan a ɗango, kuma ɗango na biyu haka yake. Wannan rukunin gaɓoɓi, wanda ake kira ƙafa, shi ne fa'ulun, kuma maimaita ta shi ne karin mutaƙarab. Yanzu ka cire "karatu" ka sa "makaranta". Gaɓoɓinta v v – –, an sami gaɓa ɗaya da ta yi yawa, kuma da ka rera za ka ji harshenka ya yi tuntuɓe. Karyewar kari ke nan.

Abin da ke ɓatar da ɗalibai shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko gaɓarsa ta fari mara nauyi ce, na biyu mai nauyi. A nan ɗan makarantar allo ya fi ɗan boko sa'a, domin ajami yana nuna dogon wasali da alif ko wau ko ya. In ka rasa gane gaɓa, ka rubuta kalmar da ajami ka gani. Gaɓar ƙarshen ɗango kuwa a kullum ana lissafa ta mai nauyi, ko da gajera ce a magana. Akwai kuma ƴan sauye-sauyen da aruli ya yarda da su, waɗanda ake kira zihafi da illa, don haka kada ka yi saurin yanke wa mawaƙi hukuncin karya kari sai ka auna baitoci biyar ko shida ka ga abin da ya saba yi.

Mene ne tahamisi?

Duk wanda ya taɓa zaman Ishiriniya a watan Maulidi ya ji tahamisi, ko bai san sunan ba. Asalin waƙar ta Alfazazi ce, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wanda ya yi baiti ashirin-ashirin ga kowane harafi. Ibn Mahibu ne ya zo ya yi mata tahamisi. Yadda ake yi shi ne a ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, a ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti su zama biyar. Sharaɗi ne ɗangogin da aka ƙara su bi karin waƙar, su yi amsa-amo da ɗangon farko na baitin asali, kuma ma'ana ta haɗu har mai sauraro ya kasa gane inda aka yi ɗinkin. In ɗango biyu aka ƙara suka zama huɗu, tarbi'i ke nan. Ba a ɗaukar wannan satar fasaha, girmamawa ce ga mai waƙar.

Waɗannan kalmomi suna aiki a kan waƙar baka?

Wasu ba sa yi, kuma a nan ake asarar maki. Waƙar baka ba ta da baiti, tana da gindi da ɗiya. Gindin waƙa shi ne layin da ƴan amshi ke komawa gare shi a kai a kai, kuma sau da yawa shi ne sunan waƙar. Ɗa shi ne abin da jagora ya rera tsakanin gindi da gindi; wani ɗan layi biyu ne, wani ya kai ashirin, ba dole su daidaita ba. Ma'auninta yana bin kiɗa, shi ya sa ake ambaton abin kiɗan a nazari: kalangu a wajen Mamman Shata, kotso a wajen Narambaɗa, kuntigi a wajen Ɗan Maraya Jos. Sannan mawaƙin baka yakan canja ɗiyan waƙa ɗaya daga wannan biki zuwa wancan, saboda haka ka faɗi wace rerawa ka saurara.

Kamance da siffantawa kullum suna rikita ni.

Su biyun suna kwatanta abu da wani abu, bambancin yana ga kalma ɗaya. Kamance, wanda wasu littattafai ke kira kamantawa ko tamka, shi ne tashbihin da ka sani a ilmin balagar Larabci, kuma dole a ga kalmar kwatance a fili. Iri uku ne. Na daidaito yana zuwa da kamar, tamkar, sai ka ce, awa: "Motoci a hanyar unguwar Madina da yamma suna tafiya kamar hawainiya." Na fifiko yana zuwa da "fi": "Maganarta ta fi barkono zafi." Na kasawa yana zuwa da bai kai ba, gaza, kasa: "Zuma ba ta kai muryar ladanin nan zaƙi ba." Ɗalibai da yawa "kamar" kaɗai suke nema, sai su wuce na fifiko da na kasawa ba su gan su ba.

Siffantawa kuwa ba ta jiran wannan kalma. Kai tsaye take cewa abu shi ne wancan: "Malam kogi ne." Ba a ce kamar kogi ba, an mayar da shi kogin. Shi ya sa ta fi ƙarfi. In mai magana ya tsaya a nan, gajeriyar siffantawa ce. In ya ci gaba da ginawa a kan hoton, ya ce ɗalibai suna zuwa da tuluna, kowa yana ɗiba gwargwadon ƙarfinsa, rani bai taɓa ƙafar da shi ba, to doguwar siffantawa ce.

A lura, ba kowace "kamar" ce kamance ba. "Kamar za a yi ruwa" zato ne. "Audu dogo ne kamar babansa" kwatance ne na yau da kullum, mutum da mutum. Adon harshe yana samuwa ne in abubuwan biyu ba jinsi ɗaya ba ne, amma aka gano wata sifa da ta haɗa su. Wannan sifar ita ce abin da mai gyaran takarda ke son ka faɗa: hawainiya, saboda nawar tafiya, kogi, saboda yalwa da rashin yankewa.

Jinsintarwa, alamtarwa da kambamar zulaƙe fa?

Jinsintarwa ita ce a ba wani abu halin da ba na jinsinsa ba. In aka ba mara rai ko dabba halin mutum, mutuntarwa ce: "Talauci ya yi sallama, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida." In aka ba mutum halin dabba, dabbantarwa: "Mai gidan haya ya zo yana gurnani." In aka mayar da mutum abu mara rai, abuntarwa: "Tun da ya rasa aiki ya yi tsatsa." Alamtarwa ita ce a ambaci abu ya tsaya a madadin wata ma'ana ba tare da an faɗe ta ba, kamar rawani a madadin sarauta, allo a madadin karatu, goro a madadin neman aure ko girmamawa. Kambamar zulaƙe, wato mubalaga, zuzuta abu ce har ya wuce abin da hankali zai ɗauka: "Ta yi kuka har kwatar unguwa ta cika."

Habaici da zambo ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Habaici ba ya kama suna. Magana ce da aka jefa a tsakar gida, kowa ya ji, amma mai ita kaɗai ta soka, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya, in wata ta tsaya tana wanki tana cewa "wasu dai ba su san kuɗin ruwa ba sai wanka sau uku," habaici ta yi, kuma in aka tanka mata za ta ce ai ba ta kira sunan kowa ba. Wannan kafar tsira ita ce alamar habaici. Maƙwabtanmu Akan suna da irinsa, suna ce masa akutia, kuma rubuce-rubucen da ke bayan motocin haya na trotro da yawa daga wannan gida suka fito.

Zambo kuwa yana nuna wanda ake nufi, ko da suna ko da siffar da ba ta ɓuya, sannan ya muzanta shi, yawanci ta hanyar zuzuta wani aibi na jiki ko na hali har mutane su yi dariya. Makaɗan fada sun shahara da shi, suna yi wa abokan hamayyar sarkinsu. In za ka bambance su a jarrabawa, ka tambayi kanka: wanda aka yi dominsa zai iya kai ƙara ya ce da ni ake? In zai iya, zambo ne.

Kirari da take?

Kirari da baki ake yi, jerin kalmomin zuga ne ga mutum ko gari ko dabba, kamar "Kano ta Dabo, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka." Mutum yana iya yi wa kansa, kamar yadda ƴan dambe da mafarauta ke yi. Take kuwa na kiɗa ne ko busa, wani amo da aka keɓe wa mutum ko sarauta, wanda masu shi ke gane shi tun daga nesa.

Yaya ake nazarin karin magana? Ai kowa ya san ta.

Sanin ta daban, feɗe ta daban. Karin magana gajeren zance ne mai dunƙulalliyar ma'ana, kuma yawanci ɓari biyu gare ta: na farko ya ɗora, na biyu ya sauke. "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." A nazari abu uku ake so. Ma'anar fili: falke yana bukatar jaki domin fatauci. Ma'anar ciki: abin da ake nema ya zo ta hanyar da ba a zata ba. Sai kuma abin da ta nuna na rayuwar masu ita, a nan zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga ƙasar Hausa da jakuna zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro, wato hanyar da ta kafa zangunan ƙasar nan da yawa. Ana kuma rarraba karin magana ta sigarta: mai "in ji", kamar "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya", mai "an ce da", kamar "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa", da masu farawa da "kowa" ko "komai". Kada a haɗa ta da kacici-kacici, wanda tambaya ce mai jiran amsa: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Tsintsiya.

Tatsuniya, almara, hikaya, ƙissa, tarihihi: duka ba labari ba ne?

Duka labari ne, amma matsayinsu wajen gaskiya ya bambanta. Tatsuniya ƙage ce da kowa ya yarda ƙage ce, tana da mabuɗi, "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa "Ta zo mu ji ta," da marufi, "Ƙurunƙus." Dabbobi suna magana a cikinta, Gizo da matarsa Ƙoƙi su ne manyan taurarinta, kuma ɗan Accra ba zai sha wuyar gane Gizo ba tunda ya san Ananse, gizon tatsuniyoyin Akan. Almara ma ƙage ce, amma ba ta da wannan mabuɗi, kuma sau da yawa takan ƙare da matsalar da za a bar wa masu sauraro su warware, irin "a cikin ukun nan wa ya fi cancanta?" Hikaya labari ne na koyar da darasi, galibi mai tushe a littattafan Larabci. Ƙissa ta annabawa ce da sahabbai da bayin Allah, ba a kiran ta ƙage. Tarihihi kuwa tarihi ne da ya daɗe a baki har abin mamaki ya shige shi, kamar labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura.

Waɗanne kalmomi ake bukata wajen ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo?

Mutanen cikin labari su ne taurari: babban tauraro, wanda labarin ke zagaye da shi, da ƙananan taurari. Babban tauraro ba lallai ne ya zama mutumin kirki ba. Ka ƙirga wanda ya fi fitowa kuma matsalar ta fi shafa. Sai wuri da lokaci, sai mai ba da labari, ko yana cewa "na tafi" daga cikin labarin, ko "ya tafi" daga waje. Kada ka ɗauki mai cewa "na" a matsayin marubucin kansa. A zubi, ka nuna inda rikici ya ƙullu, inda ya kai ƙololuwa, da inda aka warware shi, ka kuma faɗa ko labarin miƙaƙƙe ne ko yana waiwaye. Wasan kwaikwayo ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi fitowa-fitowa, ana kiran mutanensa ƴan wasa, wurin yin sa dandamali. Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Akwai adabin Hausa da aka rubuta a nan Ghana?

Akwai, kuma abin takaici ne yadda yaranmu ba su san shi ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da waƙarsa a kan talauci da wadata da wadda ya yi a kan zuwan Nasara. Cibiyar Nazarin Afirka da ke Jami'ar Ghana a Legon ta tara kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami da yawa tun shekarun 1960, kuma daga Madina tafiyar mota ɗaya ce. Ɗalibin da ke neman abin da zai gwada waɗannan kalmomi a kansa ba sai ya tsallaka iyaka ba.

Zan iya rubutu da Hausarmu ta zango?

A amsar jarrabawa da sharhi, ka bi daidaitacciyar Hausa: ka bambance "ya zo" da "ta zo", ka sa ƙugiya inda take, domin baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kaya ba ƙaya ba ce. In kana ƙaga labari kuwa, ka bar tauraron Nima ya yi magana irin ta Nima, da kalmomin Ga da Twi da suka shige bakinsa. Wannan shi ne amfani da karin harshe a matsayin salo, kuma yana sa mai karatu ya ji unguwar. Sharaɗin shi ne ka san kana yi, kuma muryar mai ba da labari ta tsaya a kan tsari ɗaya.

Na haddace duk ma'anonin nan amma maki ba ya zuwa. Me ya sa?

Saboda kiran suna rubu'in aikin ne. Amsa cikakkiya mataki huɗu gare ta: ka faɗi sunan dabarar, ka kawo layin da take ciki kalma da kalma, ka bayyana me aka kwatanta da me da kuma sifar da ta haɗa su, sannan ka nuna yadda hakan ya taimaki jigo. "Akwai mutuntarwa a baiti na uku" ba ta isa ba. Ka ce mawaƙin ya sa talauci ya yi sallama ya shimfiɗa tabarma, ya mayar da shi baƙon da ya zo da niyyar zama, wanda kunya ta hana a kore shi, kuma wannan ya ƙarfafa jigon cewa talauci in ya shiga gida fitarsa da wuya. Dabara uku da aka feɗe haka sun fi goma da aka jera sunayensu.

A ƙarshen tsofaffin waƙoƙi ina ganin wata kalma mara ma'ana bayan an ce "ramzi". Mece ce?

Shekarar da aka yi waƙar ce aka ɓoye a cikin haruffa. Marufin rubutacciyar waƙa yakan ƙunshi godiya ga Allah, salati, wani lokaci sunan mawaƙi da yawan baitoci, sai ramzi. Kowane harafin Larabci yana da lamba, sai a tara. Abin kiyayewa shi ne malaman Afirka ta Yamma lissafin Magariba suke bi, ba na Gabas ba. A na Magariba shinun 1000 ne, sinun 300, ra 200, mimun 40, ha mai lamba biyar 5. Saboda haka ramzin da ya ƙunshi shinun da sinun da mimun da ha ya ba da 1345 ta Hijira. In ka yi kuskure ka bi lissafin Gabas, inda shinun 300 ne sinun 60, za ka sami 405, ka mayar da waƙar baya da shekara 940. Domin juya ta zuwa Miladiyya, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622: 1345 ta faɗa tsakanin 1926 da 1927. Baƙaƙe kaɗai ake ƙirgawa, wasulan da aka sa domin kalmar ta furtu ba su da lamba.